Filin Lafiya: Yadda Ake Barin Giya Ba a Rasa Rai Ba

Wasiƙun wannan makon duk a kan giya suke, kuma kusan duk wanda ya rubuto ya roƙi a sakaya sunansa. Mun sakaya. Mun san nauyin da wannan magana take da shi a wurin Bahaushe, balle wanda yake zaune a Legas, inda giya take a kowace kwana kuma babu idon gida a kansa. Abin da muka rubuta a nan bai ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba, amma zai nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa da abin da za ku faɗa in an buɗe.

TAMBAYA: Ni direban tirela ne, ina lodi a Apapa. Shekara tara ke nan ina sha kullum. A rana nakan sha kwalba huɗu ta giya da ƙananan ledoji kamar shida. Da safe hannuna rawa yake yi, sai na kurɓi leda ɗaya yake tsayawa. Na yi rantsuwa ranar da aka ga watan azumi zan yanke ta gaba ɗaya. Akwai abin da zan sha ya taimaka mini?
Daga wani direba, Apapa

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ƙarfafa maka wannan niyya. Amma muna roƙonka kada ka yi yadda ka tsara. Mutum irinka, in ya yanke giya dare ɗaya shi kaɗai, ga azumi a baki, ga zafin rana a layin shiga tashar jirgin ruwa, zai iya mutuwa a kwana na uku. Ba tsoratarwa muke yi ba.

Mu fara da lissafi. Babbar kwalbar giya ta santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa. Ledar da take da mililita 30 mai ƙarfin kashi 40 tana da kusan giram 10. Kwalba huɗu da leda shida sun kai ka wajen giram 150 a rana. Hantar yawancin mutane ba ta iya narkar da abin da ya wuce kusan giram 10 a awa ɗaya, wata ma ba ta kai hakan ba. Wato abin da ka sha jiya da daddare yana nan cikin jininka lokacin da ka tayar da mota da asuba. Shayi mai kauri, goro, wanka da ruwan sanyi, babu wanda yake gaggauta wa hanta aikinta. Ka riƙe wannan saboda ranka da ran waɗanda kake haɗuwa da su a hanyar Ibadan.

Rawar hannun da kake yi da safe ita ce babbar alama. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, kamar mutum ya taka birki. In aka shekara ana taka birkin nan kullum, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa kanta wuta don ta ci gaba da aiki. Ranar da aka cire birkin farat ɗaya, wutar tana nan yadda take, babu mai riƙe ta. Abin da ke biyo baya yana da jadawalinsa. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe sai karkarwa, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba, bugun zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, ko da ba su taɓa yi ba. Wasu sukan fara gane-gane, su ga ƙwari na bin bango ko su ji ana kiran sunansu. Mafi muni yakan zo tsakanin kwana na biyu da na huɗu: mutum ya rikice, bai san inda yake ba, bai gane matarsa ba, jiki ya yi zafi rau, gumi ya jiƙa riga, yana sambatu yana neman gudu. A unguwa sai a ce aljanu ne ko sammu, a rufe shi a ɗaki ana hayaƙi. Ba kowa ke kaiwa nan ba, kaɗan ne daga cikin masu dainawa, amma wanda ya kai kuma bai samu asibiti ba yana bakin kabari.

Wanda dole ya daina a ƙarƙashin idon likita shi ne: mai sha kullum da yawa irin naka, mai karya kumallo da giya don hannu ya tsaya, wanda ya taɓa jijjiga ko rikicewa lokacin da ya gwada dainawa, mai farfaɗiya, mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon hanta, mace mai ciki, wanda ya manyanta, da wanda yake haɗawa da tiramadol, kodin ko ƙwayar barci. Akwai kuma wani abin da mutane ba su sani ba. Duk lokacin da mutum ya yanke da ƙarfi ya koma, ya sake yankewa ya koma, wahalar zagaye na gaba takan fi ta baya tsanani. Saboda haka gwaji barkatai ba kyauta ba ne.

Abin da asibiti zai yi maka ba wani abin ban tsoro ba ne. Za a auna hawan jini da bugun zuciya, a ɗibi jini a duba hanta, ƙoda, suga da gishirin jiki. Za a ba ka magani irin su dayazefam, wanda yake riƙe birkin nan a madadin giya, a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har a cire cikin kwana biyar zuwa bakwai. In hanta ta riga ta taɓu, likita kan zaɓi lorazefam. Za a yi maka allurar bitamin B1, kuma wannan ba ƙari ba ne, ginshiƙi ne. Mashayi yakan rasa wannan bitamin, kuma rashinsa yana lalata ƙwaƙwalwa: tafiya ta koma tangaɗi, ido ya riƙa rawa, daga baya mantuwa ta zauna har abada. Shi ya sa muke jan kunne a kan ƙarin ruwan da ake rataya wa mutum a bayan kemis. In ruwan mai suga ne kuma ba a haɗa da bitamin B1 ba, yana iya tunzura wannan lalacewar. Haka nan kada ka sayi dayazefam ka riƙa sha da kanka. In ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi, kuma shi ma ana kamuwa da jarabarsa.

A Legas za ka iya zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na jami'a, wato LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta. Mun san abin da ake cewa in an ga mutum ya nufi Yaba. Ka toshe kunnenka. Ba duk wanda ya je ake kwantarwa ba. Wani ana ba shi magani ya riƙa zuwa kullum ana duba shi, muddin yana da wanda zai zauna da shi a gida. In ka zauna gaban likita, ka faɗi ainihin abin da kake sha da lokacin da ka yi kurɓin ƙarshe. In ka ce kwalba biyu alhali huɗu ne da leda shida, maganin kwalba biyu za a auna maka.

Ka nemi hutun mako biyu daga mota, domin ba a tuƙi a kan wannan magani. Ka je tun azumi da saura makonni, watan ya same ka ka riga ka tsallake wannan gaɓa. Kafin ranar da za ka ga likita, wadda muke so ta zama gobe ko jibi, kada ka yanke farat ɗaya, kada kuma ka ƙara. Ba halatta maka giya muke yi ba. Hanyar fita muke nuna maka wadda ba za ta bi da kai ta maƙabarta ba. Batun rantsuwarka kuwa, ka kai wa malami, zai gaya maka hukuncinta.

TAMBAYA: Mijina ya fara sha tun da kasuwarsa ta karye. 'Ya'yanmu huɗu. Wata maƙwabciya ta ce akwai ƙwayar da zan riƙa zuba masa a abinci bai sani ba, in ya sha giya sai ya yi ta amai har ya tsane ta. In saya?
Daga wata uwargida, Agege

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki saya. Ƙwayar da ake nufi ita ce daisulfiram, wasu kuma Flagyl suke amfani da shi don wannan manufa. Daisulfiram yana hana hanta ƙarasa narkar da giya, sai wani guba ya taru a jini. Fuska ta yi zafi, kai ya sara, amai ya ɓarke, zuciya ta yi ta dukan tara-tara, jini ya faɗi. Mai ciwon zuciya yana iya tafiya daga nan. Likita yana ba da shi ne ga wanda ya sani, ya yarda, an duba hantarsa, kuma ya fahimci cewa ko maganin tari mai barasa bai kamata ya taɓa ba, har zuwa mako biyu bayan ya daina shan ƙwayar. Mijinki da bai san komai ba zai sha yadda ya saba, a inda ba kya nan. Ko ya tsira, ranar da ya gano kin zuba masa abu a tuwo, amana ta tafi, ke kuma za a ɗora wa sunan da ba naki ba.

Ga abin da yake hannunki. Kada ki yi masa maganar giya yana cikin maye, asarar yawu ce, wani lokacin ma jawo duka. Ki jira safiya, ya ci abinci, yara sun tafi makaranta. Ki faɗi abu ɗaya takamaimai da ya faru: ranar Talata ka faɗi a bakin famfo, babban yaronmu ne ya ɗago ka. Ki bar kalmomi irin su mashayi da ɗan giya. Ki ƙare da buƙata ɗaya: mu je asibiti ranar kaza, zan raka ka. Zai yiwu ya ƙi sau uku. Ki nemo mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko ubangidansa a kasuwa ko limamin unguwa mai riƙe sirri, ba taron dangi ba. Taro kunyatarwa ne, kuma mai jin kunya kwalba yake komawa ya ɓuya.

Ki daina biya masa bashin mai giya, ki daina yi masa ƙarya a wurin abokan hulɗa. Kuɗin cefane da na makaranta su zauna inda hannunsa ba ya kaiwa. Wannan ba rashin biyayya ba ne, tsare gida ne.

In ya shigo a buge ya zube, kada ki bar shi rigingine. Ki juya shi ya kwanta a gefensa, ki lanƙwasa gwiwar da take sama, ki ɗan ɗaga haɓarsa bakin yana kallon ƙasa, don in amai ya zo ya zuba waje. Mutane da yawa amansu ne yake shaƙe su cikin barci. Kada ki ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri. In kin girgiza shi bai motsa ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa da takwas a minti ɗaya, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya yi aman jini, ko yana jijjiga, ki kira lambar gaggawa 112 ko 767, ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa. Mai jijjiga ba a tura masa cokali a baki.

Ba ki ce yana dukanki ba, amma za mu faɗa saboda wasu. In hannu ya fara shiga, ki kwashe yara ki kwana a wani gida a daren, magabata su shigo cikin maganar. Haƙuri bai ƙunshi wannan ba.

TAMBAYA: Ni ba na shan giya. Maganin gargajiya nake sha a tasha, wanda matan nan suke sayarwa a kwalabe, na ciwon baya da basir. Sau uku a rana. Abokina ya ce giya ce. Gaskiya ne?
Daga wani ɗan dako, Mile 12

AMSA: Abokinka ya gaya maka gaskiya. Abin da ake kira faraga a tashoshin Legas saiwoyi da ɓawon itace ne da aka jiƙa, kuma yawancinsa cikin ogogoro ko wata giya mai ƙarfi ake jiƙa shi. Haka yawancin kwalaben masu ɗaci da ake tallatawa da sunan ƙarin ƙarfi. Sauƙin da kake ji a bayanka barasa ce take dusashe zafin na ɗan lokaci. Ka gwada kanka: in ka wuni ba ka sha ba, kana jin karkarwa, gumi ko ƙunci? In e, amsar da muka ba direban Apapa taka ce.

Akwai haɗari na biyu. Ogogoron da aka dafa a ɓoye babu mai auna shi, wani lokaci yana ɗauke da metanol, wanda ke makantarwa ya kuma kashe. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha irin wannan. Duk wanda ya sha ya ji ganinsa ya yi hazo, ga ciwon ciki da haki, ko da bayan kwana ɗaya ne, asibiti kai tsaye. Bayanka kuma ka kai shi a duba. Buhun albasa ne ya jawo shi, ba jiƙo ne zai gyara shi ba.

TAMBAYA: Na daina wata uku cur. Ranar da aka biya mu albashi na bi abokai, na ce kwalba ɗaya kawai, sai da na kwana huɗu ina sha. Yanzu kunyar shiga masallaci nake ji, an ce sallar mai shan giya ba ta karɓuwa kwana arba'in. Ga rashin barci. Anya ni mai shiryuwa ne?
Daga wani mai gadi, Obalende

AMSA: Kai mai shiryuwa ne, malam, kuma wata ukun nan ba su zube ba. Komawa bayan dainawa abu ne da ya zama ruwan dare a wannan ciwo, musamman cikin watannin farko. Abin yi shi ne a duba ta ina ɓarakar ta shigo. Kai ma ka faɗe ta da bakinka: kuɗi a aljihu, tsofaffin abokai, da kalmar nan "ɗaya kawai". Ga wanda giya ta riga ta kama, kwalba ɗaya ba ta tsayawa ɗaya, domin ita ce take buɗe ƙishirwar ta biyu. Ka kuma sani cewa bayan wata uku jikinka ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, don haka komawa tsohon adadi dare ɗaya yana iya kai mutum suma.

Ranar albashi ita za ka fara ɗaurewa. Kafin kuɗin su shigo ka riga ka rubuta inda za su: na gida a tura a ranar, na adashi a miƙa, abin da zai rage a aljihunka kada ya wuce na abinci da mota. Ka canza hanyar da kake bi in ka tashi daga aiki, ko da za ta ƙara maka minti goma, in dai tsohuwar tana bi ta gaban mashaya. Abokan nan ka gaya musu sau ɗaya, a gajarce, cewa likita ya hana ka. Babu wanda yake bin ka dogon bayani. Wanda ya ci gaba da miƙo maka kwalba bayan haka, ka goge lambarsa.

Sha'awar giya in ta taso kamar hadari take: ta haɗu, ta yi duhu, ta wuce. Yawanci ba ta wuce minti 20 zuwa 30 in ba a biye mata ba. Aikinka shi ne ka cika wannan rabin awar. Ka bar wurin da kake, ka sha ruwa ko shayi mai zafi, ka ci wani abu, ka yi alwala, ka kira mutum ɗaya da ya san halin da kake ciki. Yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya su ne suka fi kunno ta, kuma aikin gadi ya tara duka huɗun. Kada ka fara aikin dare da ciki wayam. Ka ajiye burodi, gyaɗa ko dabino a ɗakin gadi.

Akwai magungunan da suke rage wannan sha'awa, kuma abin takaici mutane kaɗan ne suka san da su. Naltirezon, ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 a rana, yana rage daɗin da ƙwaƙwalwa take samu daga giya. Ba a ba wanda yake shan tiramadol ko kodin, domin zai jefa shi cikin mummunar wahala nan take, kuma sai an duba hanta. Akamfuroset ana shan sa sau uku a rana, yana kwantar da ƙwaƙwalwar da ta saba da giya, shi kuma ƙoda ake dubawa kafin a ba da shi. Ana ɗaukar watanni ana sha, shida ko fiye. Ka tambayi likitan ƙwaƙwalwa wanda ya dace da kai da wanda ake samu. Ba su aiki su kaɗai. Sai an haɗa da zama da mai ba da shawara ko zaman rukuni da waɗanda suka bi wannan hanya. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, ga mai neman a yi masa jagora.

Barci zai dawo, amma yana ɗaukar makonni, wani har watanni. Giya tana sa mutum ya yi saurin zubewa, sai dai tana yayyanka barcin, shi ya sa mashayi yake tashi a gajiye. Ka tsayar da lokacin kwanciya ɗaya, ka bar goro, kofi da lemon ƙarin kuzari awa shida kafin ka kwanta, ka rufe taga da zane mai kauri tun da barcin rana kake yi. Kada ka nemi ƙwayar barci a kemis. In bayan wata guda da dainawa har yanzu kana cikin baƙin ciki, ba ka jin daɗin komai, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, ka faɗa wa likita a fili. Ciwon damuwa yakan ɓuya a bayan giya, kuma yana da magani.

Batun salla, malamai sun yi bayani cewa hadisin kwana arba'in bai ɗauke wa kowa wajibcin salla ba, kuma tuba tana share abin da ya gabata. Abin da aka hana shi ne mutum ya tsaya salla cikin maye. A cikin Bukhari akwai labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ka yi wanka ka koma sahu. Sallolin nan biyar cikin jama'a su ne tsarin yini mafi ƙarfi da kake da shi, kuma a kyauta.

TAMBAYA: Ɗana yana da shekara 24, giya ta lalata shi. 'Yan'uwa sun kasu uku: wasu sun ce a mayar da shi gida Arewa, wasu sun ce a kai shi gidan mari, wasu sun ce a yi masa aure zai natsu. Wanne za mu bi?
Daga wani dattijo, Idi-Araba

AMSA: Baba, Allah ya shirya mana zuriya. Da izininka, ba ma goyon bayan ko ɗaya daga cikin ukun a matsayin matakin farko.

Gidan mari shi ne mafi haɗari. Yaron da yake sha kullum in aka ɗaure shi aka yanke masa giya babu magani, jijjiga da rikicewar da muka bayyana a sama za su same shi a cikin sarƙa, a kuma ɗauka taurin kai ne a ƙara masa bulala. Wanda ya fito da rai yakan fito da ƙiyayyar iyayensa. Addu'a da karatu muna tare da su ɗari bisa ɗari, a yi su a gida ko a gefen gadon asibiti. Haka muke gaya wa iyalai Kiristoci game da wuraren addu'a da ake tsare mutane.

Aure ba magani ba ne. Za a ɗauko 'yar mutane a miƙa mata ciwon da iyaye suka kasa, bayan shekara biyu a samu mashayi da saki da jariri. A bari ya shekara a tsaye tukuna, kuma a gaya wa dangin yarinya gaskiya.

Mayar da shi gida yana iya amfani, amma bayan an gama jinya, kuma in akwai sana'a da babban da zai sa masa ido a can. In babu, abin da ya bari a Legas zai same shi a can, ko ya musanya shi da ƙwaya. Kuna zaune kusa da LUTH. Ku fara da nan. Ku tambaye shi, cikin lumana, ko yana haɗawa da wani abu, domin a shekarunsa da wuya giya ta zo ita kaɗai, kuma likita yana buƙatar sani. In an sallame shi, kada a bar shi zaune. Ranar da ba ta da aiki ita ce take mayar da yaro majalisar da ya baro. A kuma samu mutum ɗaya a gidan da zai riƙe katin asibiti ya tabbatar ba a tsallake ranar komawa ba.

TAMBAYA: Na daina sha wata biyu ke nan bayan shekara goma sha biyar. Hantata za ta warke?
Daga wani mahauci, Oko-Oba

AMSA: Barka da wannan ƙoƙari, Allah ya ɗore. Amsar ta danganta da inda ɓarnar ta kai. Kai da kake ganin hantar dabba kullum za ka fi kowa ganewa. Mataki na farko kitse ne yake taruwa a cikinta, ta kumbura ta yi fari-fari. Wannan yakan washe cikin makonni kaɗan da dainawa. Na biyu kumburi ne mai zafi, wanda kan zo da shawara da zazzaɓi, yana iya warkewa, yana kuma iya yin kisa. Na uku shi ne ta ƙanƙance ta yi tauri da gudaji-gudaji. Wannan tabon yawanci ba ya gogewa, amma dainawa tana tsayar da shi, kuma mutum yana iya shekaru masu yawa da sauran da ta rage masa.

Ka je a yi maka gwajin jini na aikin hanta da hoton ciki, a kuma gwada ka ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma in ya haɗu da giya ɓarnar ninkuwa take yi. In ba ka da shi, ka yi rigakafinsa, allura uku ne cikin wata shida. Kada ka sha jiƙon da ake cewa yana wanke hanta, wasunsu su ne suke ƙarasa ta. Farasitamol kada ya wuce giram 2 a rana, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, har sai likita ya ga sakamakonka. Ka ci abinci sau uku mai wake, ƙwai, kifi ko nama da ganye. In ka ga idonka ya yi rawaya, cikinka ko ƙafafunka sun kumbura, bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, ka yi aman jini, ko iyali sun ce kana rikicewa kana barci da rana ido biyu da dare, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi sashen gaggawa a ranar.